Kan Sawun Masu Tsaga Ruwa a Norway

Wani tsohon ɗalibina ne sanadin wannan tafiya. Na koyar da shi ilmin sinadarai tun yana ajin farko a jami'a, Allah kuma ya buɗa masa ya samu gurbin digiri na uku a birnin Trondheim na ƙasar Norway. Aikinsa shi ne neman hanyar raba ruwa gida biyu da wutar lantarki cikin rahusa, a samu iskar haidirojin ba tare da an ƙona gas ko kwal ba. Da wani taro ya kai ni Oslo a watan Oktoba, sai ya bugo mini waya ya ce, "Malam, don Allah kada ka koma sai ka ga abin nan da idonka. Inda sana'ar ta bunƙasa a da, da inda ake yin ta yau, duk akwai su a ƙasar nan." Gani ya kori ji, sai na hau jirgin ƙasa na yi arewa.

Trondheim gari ne na ruwan sama da sanyi mai ratsa ƙashi. A wannan lokacin na shekara yini gajere ne, kana idar da azahar ba da jimawa ba la'asar ta shigo. Nan jami'ar NTNU take, tare da cibiyar bincike ta SINTEF, kuma dukansu sun daɗe a harkar lantarki da sinadarai. Ɗakin gwajin da ya kai ni ba shi da wani abin burgewa ga ido: kofin roba mai murfi, wayoyi uku sun shiga ciki, sai wani ɗan yankin nikel mai ƙofofi da bai wuce faɗin farce ba. Ruwan da ke ciki an narka masa potash mai zafi, ɗan'uwan sodar da ake yin sabulu da ita. Ya kunna wuta, sai ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikin ƙarfen. Ta wannan gefe oksijin, ta wancan haidirojin.

Tsaga ruwa da lantarki ba sabon abu ba ne. William Nicholson da Anthony Carlisle sun yi shi a Landan tun 1800. Matsalar ita ce kuɗin wuta. A lissafin takarda, bolt 1.23 (bolt ma'aunin ƙarfin turin wuta ne) ya isa ya raba ruwa. A aikace kuwa babu na'urar da ke yarda da haka, sai an kai 1.8 zuwa 2 kafin iska ta fito da yawan da za a ce ana kasuwanci. Wannan rarar tana tafiya ne a zafi, ba ta zama haidirojin. Shi ya sa kilo ɗaya na iskar, wanda lita 9 na ruwa ke bayarwa, yake cin yunit 50 zuwa 55 na wuta. Duk kashi ɗaya cikin goma na bolt da aka rage, an tsira da kusan yunit 2.7 a kan kowane kilo. Masana'antar da ke fitar da tan 10 a rana ta rage yunit dubu 26 da ɗoriya ke nan kullum. Abin da ke rage wannan rarar shi ne katalis, wato siririn shafen sinadari da ake yi wa farantin ƙarfen da ke kai wuta cikin ruwan. Wani lokaci ido ma ba ya ganinsa, amma a kansa ribar masana'anta ko faɗuwarta take.

Aikin katalis irin na dillali ne a kasuwar dabbobi. Idan ya riƙe igiyar akuya sako-sako, ta kufce kafin mai saye ya iso. Idan kuma ya damƙe ya ƙi saki, ciniki ba ya faɗawa, na baya ma ba ya samun wuri. Ƙwayar haidirojin dole ta maƙale a jikin farantin daidai gwargwado, ta haɗu da 'yar'uwarta, su saki su tashi. Bafaranshe Paul Sabatier, wanda ya samu kyautar Nobel a 1912, shi ya fara tsara wannan ƙa'ida. A 2005 Jens Nørskov da abokan aikinsa a Danmak suka yi lissafin ƙarfin riƙon a kwamfuta, ƙarfe bayan ƙarfe, aka ga filatinam, wani ƙarfe mai tsadar gaske, shi ne ke zaune kusan daidai tsakiya. Daga wannan lissafi suka yi hasashen cewa gefen wani sinadari mai arha na molibdinam da farar wuta zai iya irin wannan aiki, gwaji kuma ya tabbatar a 2007.

Ɗalibin nawa bai damu da gefen haidirojin sosai ba. "Malam, can ai da sauƙi," in ji shi. "Wahalar tana gefen oksijin." Gaskiyarsa. Kafin a samu haidirojin ilektiron biyu ne ke motsawa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, amma oksijin sai huɗu, mataki bayan mataki, kuma matakan a ɗaure suke da juna. Ka gyara riƙo a mataki na farko, na uku ya lalace. Saboda wannan ɗaurin, ko mafi kyawun katalis na oksijin yana neman ƙarin kusan kashi uku cikin goma na bolt. Wurin nan ne masu bincike a duniya suka yi cincirindo.

Ya ba ni labarin da na fi jin daɗinsa a duk zamana a Trondheim. Shekara da shekaru ana yabon nikel cewa ya iya fitar da oksijin. A 1987 Dennis Corrigan, wanda ke binciken batura a kamfanin General Motors, ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin baƙin ƙarfe da ya shiga nikel yana ninka aikinsa. Ba a ɗauki maganar da muhimmancin da ya dace ba sai 2014, lokacin da ɗakin gwajin Shannon Boettcher a jami'ar Oregon ta Amurka ya tace potash ɗin tas daga baƙin ƙarfe, sai ga nikel zalla ya zama rago. Ashe dattin da ke cikin ruwan, wanda ba wanda ya zuba da gangan, shi ke ɗauke da nauyin aikin. Tun daga nan duk mai gwajin kirki yana tace ruwansa, kuma yana amfani da kofin roba, domin potash mai ƙarfi yana cin gilashi ya saki abin da zai rikita sakamako. Nikel da baƙin ƙarfe su ne ɗalibin nawa ke cakuɗawa yanzu, yana neman daidaiton da zai jure.

Jurewa ita ce maganar da na tayar masa da ita a daren nan muna cin kifi da dankali. Ina karanta takardu da yawa masu shelar sabon katalis da ya zarce filatinam. In ka duba, an gwada shi da 'yar wuta kaɗan, miliamfiya 10 kan kowane murabba'in santimita, cikin ruwan sinadari mara ƙarfi, a sanyin ɗaki, na 'yan awoyi. Na'urar masana'anta kuwa tana jan ninki ashirin zuwa arba'in na wannan wutar, cikin potash kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, a zafin digiri 80, kuma ana sa ran ta yi awa dubu 60 ko fiye. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, shi ya sa nake so mu je Rjukan."

Muka dawo Oslo, muka ɗauki mota zuwa yankin Telemark. Bayan Notodden hanya ta bi gaɓar tafkin Tinnsjø, ruwa baƙi wuluk tsakanin duwatsu, zurfinsa ya kai mita 460. A tashar Mæl akwai tsohon jirgin ruwa mai aiki da tururi wanda ke ɗaukar taragun jirgin ƙasa, an rubuta masa suna Ammonia. Da irinsa ake tsallakar da taki daga kwarin zuwa kasuwannin duniya. Rjukan kanta tana cikin kwari mai ƙunci a gindin dutsen Gaustatoppen mai tsayin mita 1,883. Kusan rabin shekara rana ba ta sauka a garin. A 1928 kamfanin Norsk Hydro ya gina keken igiya na Krossobanen don ma'aikata su hau sama su ga rana, a 2013 kuma aka kafa manyan madubai uku a kan dutse suna maido haske dandalin gari. Na tsaya a cikin hasken nan tare da wasu tsofaffi da suka fito shan sa, na tuna ranar Maris ta gida wadda muke ɓuya daga gare ta.

Abin da ya kafa gari a irin wannan wuri shi ne ruwa mai faɗowa. Sam Eyde da Kristian Birkeland sun kafa Norsk Hydro a 1905 don yin takin zamani daga iskar sararin sama. A 1911 aka buɗe tashar lantarki ta Vemork, kusa da Rjukan, mai ƙarfin megawat 108, wadda babu kamarta a duniya a lokacin. Hanyarsu ta farko tana cin wuta fiye da kima, don haka a ƙarshen shekarun 1920 suka koma hanyar Haber da Bosch ta Jamus, wadda ke haɗa naitirojin da haidirojin a samu amoniya, sinadarin da ake yin takin da shi. Tan ɗaya na amoniya yana bukatar kusan kilo 177 na haidirojin. Jamusawa daga kwal suke samun nasu. Mutanen Norway ba su da kwal a kusa, amma suna da wuta mai arha, sai suka gina masana'antar tsaga ruwa a gaban tashar Vemork a 1929.

Kafin ka isa Vemork sai ka tsallake wata siririyar gada da ke rataye a kan rami mai zurfi, sannan ka haura tudu a ƙafa. Numfashina ya ɗan sarƙe, yaron ya karɓi jakata. Ginin tashar an lulluɓe shi da sassaƙaƙƙen dutse, manyan bututai sun gangaro mata daga ƙwanƙolin tsauni. A ciki injunan samar da wuta guda goma suna jere, an mai da wurin gidan tarihi tun 1988, hukumar UNESCO kuma ta sa Rjukan da Notodden cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Ginin masana'antar haidirojin kuwa an rushe shi a 1977. Abin da ya saura shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka tono a 2017.

Yawancin masu zuwa wurin saboda yaƙi suke zuwa. A ɗakin nan ake tace ruwa mai nauyi, wanda Jamusawan Hitila suka so don binciken nukiliya, kuma a daren 27 ga Fabrairun 1943 wasu zaratan 'yan Norway suka sauka ramin nan, suka hau ta ɗaya gefen, suka tarwatsa na'urorin ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Bayan shekara guda aka nutsar da jirgin ruwa mai suna Hydro a Tinnsjø ɗauke da sauran ruwa mai nauyin, mutum 18 suka rasu. Na yi musu shiru na girmamawa kamar kowa. Amma ni abin da ya tsayar da ni shi ne dalilin da ya sa aka samu ruwa mai nauyi a nan tun farko. Cikin kowace ƙwayar haidirojin kusan 6,400 akwai ɗaya mai nauyi. A jikin farantin lantarki mai sauƙin ta fi saurin tashi, mai nauyin ta yi ta taruwa a ruwan da ya rage. Farfesa Leif Tronstad na Trondheim da injiniya Jomar Brun suka lura cewa masana'anta mai girman wannan za ta iya tara shi, aka fara a 1934. Wato abin da ke faruwa a fatar ƙarfe, wurin da ɗalibina ke zuba wa ido kullum, shi ya jawo sojoji cikin kwarin nan.

Na daɗe ina kallon hotunan zauren tsaga ruwan: layi bayan layi na akwatunan ƙarfe, ma'aikata da bokitai da safar hannu. Babu filatinam a ciki. Ƙarfe ne da nikel da potash, da shingen asbestos tsakanin iskokin biyu don kada su gauraya su fashe. Da wannan suka ja fiye da megawat 100 na shekaru arba'in. Sun gina wata irinta a Glomfjord can arewa a 1953, ta yi aiki har 1991. Ba lalacewa ce ta kashe su ba. Man fetur da gas ne suka yi arha, daga shekarun 1960 kamfanin ya fara samun haidirojin daga can, duniya ma duk ta bi wannan hanya. Yau ana amfani da haidirojin sama da tan miliyan 90 a shekara, yawanci a matatun mai da masana'antun taki, kuma wanda ake samarwa ta hanya mai tsabta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kowane kilo da aka ciro daga gas yana sakin kusan kilo 9 zuwa 10 na hayaƙin kabon. Yuriyar da manomanmu ke saya, ta masana'antar Dangote a Lekki ko ta Indorama a Eleme, daga gas take. Ba na faɗin haka don aibu, gas muke da shi. Ina faɗi ne don wanda ke zaton haidirojin maganar motocin Turawa ce ya san tana cikin buhun takin da ke rumbunsa.

Daga Notodden muka hau ƙaramin jirgin ƙasa ta Skien zuwa Porsgrunn. Herøya, inda muka nufa, wani tsibiri ne a gefen garin da aka haɗe da tudu, cike da hasumiyoyi da tankuna da tururi, Norsk Hydro ya fara aiki a nan a 1929. Unguwar masana'antu ce mai shinge, ba a shiga haka kawai. Muka zaga ta waje tare da wani dattijon injiniya mai ritaya, wanda malamin ɗalibina ya haɗa mu da shi. Ya yi shekaru yana aiki da na'urorin tsaga ruwa, yana magana a hankali, yana nuna gine-gine da sandarsa.

A wuri ɗaya hanyoyin biyu da ke takara a duniya suna maƙwabtaka. Kamfanin Nel, wanda asalinsa sashen tsaga ruwa ne na Norsk Hydro, ya buɗe masana'antar farantai a nan a 2022, mai iya fitar da na megawat 500 a shekara a lokacin, injuna ne ke yin kusan komai. Wannan jikar Vemork ce: faranti mai rufin nikel, shafen katalis, ruwan potash, sai dai an bar asbestos an koma wani shinge na roba. Kaɗan gaba kuma kamfanin taki na Yara, wanda ya ɓalle daga Hydro a 2004, ya buɗe na'ura mai megawat 24 a watan Yunin 2024. Tana iya ba da kusan tan 10 na haidirojin a rana, abin da zai yi amoniya tan dubu 20 a shekara. Ita ba ta amfani da potash. Ruwa ne tatacce da wata siririyar fatar roba mai tsami, irin da kamfanin General Electric ya fara aiki da ita a shekarun 1960. Ƙarama ce, tana jan wuta ninkin ta nikel sau da yawa a faɗi ɗaya, tana kuma iya tashi da sauka da sauri.

"To me ya hana kowa ya koma wannan?" na tambayi dattijon, duk da na san inda amsar za ta nufa. Ya ce kalma ɗaya: iridiyam, wani ƙarfe mai wuyar samu. A cikin tsami da wuta mai ƙarfi nikel narkewa yake. Ƙarfen ruteniyam ya fi kowa iya fitar da oksijin, amma shi ma yana zagwanyewa. Iridiyam ne kaɗai ke aiki ya kuma tsaya. Duk duniya kuwa ana haƙo tan 7 zuwa 8 ne kawai a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari daga Afirka ta Kudu, kuma ba a haƙa rami dominsa, yana fitowa ne a matsayin rakiyar filatinam. A 2021 farashinsa ya haura dala 6,000 kan oza ɗaya. Kowane megawat dubu na irin wannan na'ura yana cinye ɗaruruwan kilo. Lissafin ba ya bukatar kwamfuta: in ba a rage yawan iridiyam a faranti ninki goma ba, ko a samo madadinsa, wannan hanya ba za ta ɗauki nauyin takin duniya ba. Akwai masu ƙoƙarin hanya ta uku, fatar roba wadda ba ta da tsami don nikel da baƙin ƙarfe su iya zama a cikinta, sai dai har yanzu fatar ba ta daɗewa yadda ake so.

Dattijon bai ɓoye mana wahalar kasuwa ba. Tan dubu 20 ɗin nan ɗan kaɗan ne cikin kusan tan dubu 500 da masana'antar amoniya ta Herøya ke iya yi. A farkon 2025 kuma Nel ya sanar da dakatar da aikin farantai a nan na wani lokaci saboda masu saye sun ja baya. Abin ya taɓa ni. Ƙasa mai wutar ruwa, mai gogewar shekara kusan ɗari, ita ma tana fama da tazarar farashi tsakanin haidirojin ruwa da na gas. Wannan tazarar ce nake ganin ta sa aikin yaron nan a kan ɗan yankin nikel ya cancanci shekarun da yake zubawa a ciki.

Sai dattijon ya juyo ya tambaye ni irin wutar da za mu yi amfani da ita a ƙasarmu in za mu yi wannan. Na ce rana. Ya girgiza kai a hankali ya ce to mu lura da abu ɗaya. Na'urorin Vemork sun yi tsawon rai ne domin ruwan dutse ba ya barci, wuta ɗaya suke ja dare da rana. Idan aka kashe na'urar potash, wata ƙaramar wuta tana juyawa da baya ta cikin bututun ruwan, ta sauya fatar nikel ɗin, shafen ya riƙa ɓanɓarewa kaɗan-kaɗan. Na'urar da ke bin rana kuwa za a kashe ta kowace magariba, sau 365 a shekara, ban da gajimare da ƙurar hunturu da ke rage haske tsakar rana.

A jirgin komawa Oslo ni da ɗalibina muka buɗe littafi muka fara rubutu. Gwajin da ya saba yi na wuta tsayayya ne. Muka tsara wani: faranti iri uku na nikel da baƙin ƙarfe, potash kashi 30 a digiri 80, a haɗa su kai tsaye da allon sola ba tare da batir a tsakani ba, a auna bolt kowace safiya a kuma auna ƙarfen da ya narke cikin ruwan kowane mako. Ya ce na'urar auna ƙarfen tana wurinsu, zan riƙa aika masa samfurin ruwa a ƙananan kwalaben roba. Allon sola da tukunyar zafi da ɗalibai biyu masu haƙuri kuwa ni zan nemo. Muka yi yarjejeniya a fara da shigowar hunturu, a ci gaba har ƙarshen damina, kada a rubuta takarda ko ɗaya kafin farantan su cika shekara.